Anar: Aikin Farko Ma Yana da Haƙƙinsa

Duk wanda ya san Mdou Moctar ta hanyar Afrique Victime, kundin waƙoƙin da kamfanin Matador na Amurka ya fitar a 2021, zai yi mamaki in aka kunna masa Anar. A wancan, jitar lantarki ce ke ruri, ga mai ganga ga mai bas, ƙungiya cikakkiya mai zagaya Turai da Amurka. A wannan kuwa, saurayi ne ɗan jihar Tahoua da ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko. Ni Anar na fi yawan saurare, kuma ina so in gaya wa ƴan'uwana malamai da iyaye dalili.

Sautin kansa abin mamaki ne. Waƙoƙin da harshen Abzinawa suke, jitar kuma irin ta Abzinawa ce. Amma gangar ta na'ura ce, muryar kuma an bi ta da Auto-Tune, abin nan da ke sa murya ta yi rawa kamar ta ƙarfe, wanda kunnenmu ya saba da shi a waƙoƙin finafinan Hausa. Kiɗan hamada ya ari rigar Kano ya sa. Wani lokaci rigar ta zauna daidai, wani lokaci ta yi masa yawa. A wuraren da ta yi yawan ne nake jin mutum yana laluben abin da bai taɓa ji a wurin kowa ba.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, kuma bahago ne. Ya ga wasan Abdallah Oumbadougou yana yaro, sha'awa ta kama shi, alhali a gidansu ba a son kiɗa. Sai ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Anar ma bai fita ta hannun wani kamfani ba a lokacin. Daga salula zuwa salula ya yi tafiya, ta Bluetooth da katin memori, a tasha da kasuwa da wurin shan shayi. Da yawa sun haddace waƙar ba su san mai ita ba. Haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da «Tahoultine», ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya shiga neman mai muryar. Sai a 2014 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya buga Anar a faifai.

Me ya haɗa wannan da aji? A makarantar horon malamai an koya mana riƙe jan bik: ka nemo kuskure, ka ja masa layi, ka rage maki. Wannan aiki ne na dole, ina kuma yin sa kullum. Sai dai shekarun da na yi gaban allo sun nuna mini cewa jan bik kuskure kawai yake gani. In aka ba shi Anar, zai ce murya ta gurɓata, ganga ba ta da rai, an gauraya abin da bai kamata a gauraya ba. Zai ba shi maki kaɗan, kuma bai yi ƙarya ba ko a wuri ɗaya. Amma ya tsallake abin da ya sa dubban mutane suka riƙa tura wa juna waƙar ba tare da an yi musu talla ba.

Ina ganin irin wannan a kaye na ɗalibaina. Yarinya za ta rubuta labari da Faransanci mai karyayyar ƙafa, amma a tsakiya ta juya karin maganar kakarta ta yadda ni kaina ban taɓa tunani ba. Yaro zai warware lissafi ta wata hanya mai nisa da ba ta cikin littafi. In na tsaya ga kuskuren kaɗai, abin da na koya musu shi ne kada su ƙara gwadawa. Shi ya sa kafin in ja layi nake tambayar kaina: me yaron nan yake ƙoƙarin yi? Sai in rubuta masa amsar a gefe, sannan in gyara.

Wani zai ce ai ba kowane mai wayar birki ne zai zama Mdou Moctar ba. Gaskiya ne. Galibin aikin farko a nan yake tsayawa. Amma darajar Anar ba ta jira Matador ba. Tun a 2008 tana nan, lokacin da ba wanda ya san inda mai shi zai kai. Mu ma ba mu san inda yaranmu za su kai ba, kuma yau ne suke kawo mana abin da suka yi.

Roƙona ga iyaye ƙarami ne. In yaro ya kawo motar gwangwani, ko zane, ko waƙar da ya ɗauka a wayarku, ku ba shi minti biyar, ku tambaye shi yadda ya yi. Kayen ƙarshen shekara kuma kada ya tafi wurin mai ƙosai. A ajiye ko guda ɗaya a ƙasan akwati.