Lokacin da Kharabat Ba Ta Barci

A gindin tsohuwar ganuwar Bala Hissar, cikin tsohon birnin Kabul, akwai wata unguwa mai ƙananan lunguna da gidajen ƙasa da ake kira Kharabat. Unguwar makaɗa ce. Tun zamanin Amir Sher Ali Khan, wajen shekarun 1860 zuwa 1870, aka ɗauko gwanayen waƙa daga Indiya aka zaunar da su nan dab da fada, don in sarki ya so nishaɗi kada aike ya yi nisa. Suka hayayyafa, suka yi auratayya, ɗa ya gaji uba. A dā, wanda ya ratsa lungunan da yamma sai ya ji tabla daga wannan zaure, harmoniya daga wancan, can ciki kuma wani dattijo yana sa yaro maimaita gaɓa ɗaya har sai ta zauna.

Sarkin kayan kiɗansu shi ne rubab. Daga kututturen itacen tut ake sassaƙa shi, a rufe cikinsa da fatar akuya, a ɗaura masa manyan tsirkiya uku da wasu ƙanana fiye da goma waɗanda ba a taɓawa, su dai amsa amo kawai suke yi in an kaɗa manyan. Ustad Muhammad Umar, wanda ya rasu a 1980, shi ne gwanin da har yau ake auna duk mai rubab da shi. A waƙa kuwa akwai Ustad Sarahang, ɗan unguwar, wanda ya yi shekara da shekaru a Indiya yana koyon salon Patiala, ya dawo yana rera baitocin Bedil, irin baitocin da ko malamin Farisanci sai ya yi gumi kafin ya warware su. Direban babbar mota da mai shayi suna sauraronsa duk da haka, kuma suna gyaɗa kai a inda ya dace.

Abin da ya fitar da Kharabat daga lungu ya kai ta kowane kwari da tsauni shi ne rediyo. An fara gwajinsa a Kabul a 1925, zamanin Sarki Amanullah, amma sai wajen 1940 ya tsaya da ƙafafunsa. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka yawaita, sai kowane shagon shayi ya zama dandali. A ƙasar da Fashtun da Tajik da Hazara da Uzbek ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba, rediyo ya ba su waƙoƙin da kowa ya sani. Ya kuma ba makaɗi albashi da mutunci. Kafin nan, kamar yadda aka ɗauki roƙo a ƙasar Hausa ta dā, ana son kiɗa amma ba a son ɗan gidan mutunci ya zama makaɗi.

Ga mata kuwa lamarin ya fi haka tsauri. A 1951 aka fara jin muryar mace tana waƙa a Rediyon Kabul, muryar Mermon Parwin, kuma ba ƙaramar ƙura ta tayar ba. Bayanta hanya ta buɗe. Farida Mahwash aikin buga takardu take yi a gidan rediyon kafin a gano abin da Allah ya ajiye mata a maƙogwaro. A 1977 aka ba ta laƙabin Ustad, wanda kafin ita babu macen da ta taɓa samu.

Sai Ahmad Zahir. Shi ne ya karya camfin gaba ɗaya, domin mahaifinsa, Dakta Abdul Zahir, har firaminista ya yi a 1971. Ɗan irin wannan gida ya rungumi akodiyon tun yana makarantar Habibiya, ya haɗa baitocin Hafiz da Rumi da jita da ƙaho, samari suka ɗauki salon sumarsa, tsofaffi suka yi gunaguni sannan suka haddace waƙoƙin. Ya mutu ranar 14 ga Yuni 1979, ranar da ya cika shekara 33, a kan hanyar Salang. Gwamnatin kwaminisanci ta lokacin ta ce haɗarin mota ne. Mutanen Kabul da yawa ba su taɓa yarda ba.

A wancan zamanin, shekara kanta da kiɗa take juyawa. A watan Agusta ana bikin Jashan na samun 'yanci, a kafa rumfuna a filin Chaman, a kwana ana waƙa. Da Nauroz, farkon bazararsu, jama'a su ɗunguma zuwa Mazar-i-Sharif lokacin da jajayen furanni suka rufe dawa. Abin da zai fi ba mai karatu mamaki, a Herat ta shekarun 1970 har da dararen azumi ake gayyato makaɗan Kabul, a sha ruwa, a yi sallah, sannan a zauna sauraro. Malamai masu ganin kiɗa haramun ne suna nan a lokacin, kuma suna faɗa a kan mumbari. Saɓanin tsoho ne. Amma da baki ake yin sa, ba da bakin bindiga ba.

Kada kewa ta rufe ido. Afganistan ta Sarki Zahir Shah, wanda ya yi mulki daga 1933 zuwa 1973, matalauciyar ƙasa ce. Mafi yawan mutane ba su iya karatu ba, fari da yunwar 1971 da 1972 sun kashe dubbai a lardunan tsakiya alhali Kabul tana shagali. Hotunan 'yan matan jami'a da ake yawo da su a intanet na wasu 'yan tsirarun unguwanni ne. Kuma ba Taliban ce ta fara rushe Kharabat ba. Rokokin ƙungiyoyin mujahidai ne suka mai da ita kufai a yaƙin basasar da ya biyo bayan 1992, makaɗanta suka watse zuwa Peshawar da Iran da Jamus da Amurka. Da Taliban ta shigo a 1996 sai ta ƙarasa: rediyo ya koma Muryar Shari'a, aka riƙa zare zaren kaset ana ratayewa a shingayen bincike, har kabarin Ahmad Zahir bai tsira ba.

An ɗan farfaɗo bayan faɗuwar Taliban a 2001. Wasu iyalai suka koma unguwar suka gyara bango. A 2010 Dakta Ahmad Sarmast ya buɗe makarantar kiɗa ta ƙasa, ya ɗebi marayu da yaran da ke talla a titi, maza da mata. Daga cikinta ƙungiyar Zohra ta fito, ta 'yan mata zalla, wadda ta yi wasa a Davos a 2017.

Watan Agustan 2021, da Taliban ta dawo mulki, ya share wannan duka. Kafin watan ya ƙare an harbe Fawad Andarabi, mawaƙin gargajiya, a gidansa da ke lardin Baghlan. Aka hana kiɗa a zaurukan biki, wato aka toshe abincin dubban iyalai a daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, fiye da rabin jama'a suka koma jiran agaji. A Yulin 2023 jami'an hisba suka tara kayan kiɗa a Herat suka cinna musu wuta. Dokar Agustan 2024 ta hana a ji muryar mace tana waƙa ko karatu da ƙarfi a bainar jama'a, ita da tun 2021 aka tsayar da karatunta a aji shida.

Ɗalibai da malaman makarantar Sarmast sun samu fita ta Qatar, suka sauka Fotugal a Disamban 2021, yanzu a Braga suke karatu. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa sana'ar sassaƙa rubab da kaɗa shi cikin kayan gadon bil'adama. Makaɗan da ba su samu jirgi ba, wasu sun binne kayansu sun koma tura baro ko sayar da kayan miya. Wasu sun tsallaka Peshawar kamar iyayensu, sai dai tun ƙarshen 2023 Pakistan take korar 'yan Afganistan marasa takardu, makaɗi kuwa ya san abin da ke jiransa a ƙetaren iyakar Torkham.