Dutsen da Yake Shan Ruwa: Tafiyata Zuwa Fada

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Abeche, ina kai sukari da ganyen shayi kasuwar Kalayit, amma ban taɓa wucewa arewa ba sai bana, da wani abokin ciniki ya ce in kai masa kaya har Fada, cikin ƙasar Enedi. Uwargida ta ce, "Alhaji, can fa ba ruwa." Na ce mata Allah na nan.

Kwana ɗaya da barin Kalayit, lagireton motarmu ya fara yoyo. Direba ya yi ta ɗura masa ruwan shanmu har jarka biyu kawai suka rage, mu kuwa mu tara ne. A nan ne duwatsun Enedi suka bayyana gabanmu, jajaye, wasu kamar hasumiya, wasu kamar ƙofar gari. Wallahi ban ga kyansu ba a lokacin, ƙishirwa kawai nake gani.

Cikinmu akwai wani injiniya mai aikin haƙa rijiyoyi. Ya ɗauko ɓallin dutse ya ɗiga masa ruwa kaɗan. Na ce, "Haba Injiniya, ruwan da muke lallaɓawa?" Ya ce, "Duba dai, Alhaji." Kafin in rufe baki dutsen ya shanye shi. Ya ce wannan shi ne dutsen yashi: rairayi ne da ya taru shekaru miliyoyi, nauyi ya danne shi, wani abu ya manne ƙwayoyinsa, amma ya bar ƙananan ramuka da ruwa ke ɓuya a ciki. Ƙwayarsa ba ta wuce milimita 2 ba.

Muna jiran inji ya huce, ya lissafa mini ire-irensa. Na farko shi ne wanda kusan dukansa, fiye da kashi 90 cikin 100, ƙanƙarar dutse ce, wadda masana ke kira kwaz. Ruwa da iska sun daɗe suna tankaɗe shi har ya fita tas, kuma ramukansa kan yi yawa, shi ya sa mai haƙa rijiya ke murna idan ya same shi. Na biyu arkos, mai aƙalla kashi 25 na ma'adinin felsfa. Ƙwayarsa garas-garas, launinsa kan ɗan yi ja-ja, yana samuwa ne kusa da inda duwatsun giranit suka marmashe. Babban dutsen Uluru na Ostareliya irinsa ne. Na uku giriwaki, mai duhu, wanda laka ta cike tsakanin ƙwayoyinsa. Yana da tauri, har mutanen Masar na dā suka riƙa sassaƙa gumaka da shi, amma rowar ruwa gare shi. Na huɗu kuma shi ne mai gutsattsarin wasu duwatsu a cikinsa.

Ya ce abin da ya manne yashin ma abin lura ne. In silika ce, dutsen ya yi ƙarfi. In sinadarin farar ƙasa ne, ruwa mai tsami yakan cinye shi a hankali. Jan launin Enedi kuwa tsatsar ƙarfe ce.

Na ce, "To duk wannan karatu, ina ruwan?" Ya nuna ƙasa. Ya ce ƙarƙashin arewacin Chadi da Sudan da Libiya da Masar akwai shimfiɗar dutsen yashi ta Nubiya, wadda ta adana ruwan saman da ya sauka dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take kore. Shi ne yake ciyar da tafkunan Unianga guda 18 da ke can arewa. Amma ya ja kunnena: ruwan ajiya ne, in aka kwashe ba ya dawowa da wuri.

Da yamma yaron mota, ɗan yankin, ya kai mu wani kwari a gindin dutse inda makiyaya ke shayar da raƙuma. Muka cika jarkokinmu, muka yi alwala. Ban taɓa jin daɗin ruwa irin na ranar ba.

Bayan na sauke kaya a Fada, aka kai mu tafkin Arshe, tsakanin dogayen bangayen dutse, inda har yau 'yan kadoji kaɗan ke rayuwa a tsakiyar hamada. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2016.

'Yan'uwa masu bin wannan hanya, ku ninka ruwan guzuri, ku tafi da ɗan gari. Ni dai na dawo da ɓallin dutse guda. Uwargida na wasa wuƙa da shi, yara kuma kullum sai sun ɗiga masa ruwa su ga ya shanye.