Ka ƙidaya kafin ka saya

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye arewa da Maradi, kan hanyar Dakoro. Yau zan ba ku labarin wani kuskure da na yi. Kuskuren ya ci wa kawuna kuɗin wake buhu uku, ya kuma bar garinmu kwana 19 babu mota. Ina so ku ji shi da kyau don kada ya same ku.

Kawuna yana da tsohuwar mota Land Rover. Ita kaɗai ce mota a garinmu. Ranar kasuwa ita ke ɗaukar hatsi da awaki da mutane. In mace ta sha wahalar naƙuda da dare, ƙofar kawu ake bugawa. A Ingila aka fara ƙera irin wannan mota, a shekarar 1948. Ta kawu tana cikin zubi na uku, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Doguwa ce, wadda ake ce wa 109, saboda tsakanin ƙafar gaba da ta baya inci 109 ne. Akwai gajera, ita ce 88. Takardar motar ta ce a 1974 aka yi ta. Ta girme ni nesa.

Da damanar 2022, kawu yana dawowa daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi, sai ya shiga rairayi. Ya taka mai da ƙarfi, sai ya ji ƙas! Inji yana kuka, mota ba ta motsi. Ya danna sanda mai kan ruwan ɗorawa, wadda ke sa ƙafafun gaba su ja. Da ƙafafun gaba kaɗai ya lallaɓo gida.

Bari in bayyana muku abin da ya karye. Kun san ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalanke. Mota ma tana da irinsa, amma nata yana da rami a ciki, da tukunya a wajen tsakiya. Makanikanmu suna ce masa pon, a Najeriya kuma aksul. Wani dogon ƙarfe yana kawo juyi daga inji zuwa tukunyar, shi ne kardan. Cikin tukunyar akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya babban faifai mai haƙora. Daga nan sanduna biyu na ƙarfe suke kai juyi ga ƙafafu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Bakin kowace sanda yana da tsaga-tsaga, don ya kama cikin tukunya. Ɗaya daga sandunan nan ce ta karye.

Kawu ya ce: «Ɗana, wannan karo na biyu ke nan. Na gaji. Ina son sanduna masu ƙarfi. Kai ne mai karatu, duba takardar ka gaya mini abin da zan sayo.»

Na ji daɗin maganar, kaina ya kumbura. Na buɗe takarda, na karanta: 109, shekara 1974. Na kira wani makanike a birni ta salula. Ya ce doguwar mota ta zubi na uku da babban pon take fitowa, wanda ake kira Salisbury, kuma sandunansa tsaga 24 gare su. Gaskiya ya faɗa, haka masu ƙera ta suka yi ta. Na rubuta a takarda da kyakkyawan rubutu: sanduna biyu, tsaga 24. Ban sunkuya na leƙa ƙarƙashin mota ba, ko sau ɗaya. Ina sanye da farar riga, ban so ta ɓaci.

Kawu ya sayar da wake buhu uku. Ya tafi Maradi, ya kwana biyu, ya dawo da sanduna sababbi. Aka taru ana kallo. Aka zare tsofaffin, aka zura sabuwa. Ta ƙi shiga. Aka juya ta, aka tura, ta ƙi. Wani yaro ya ɗauko guduma. Sai maƙerin garinmu ya riƙe hannunsa.

Maƙerin nan ɗalibina ne. Shekararsa ta haura hamsin. Wata bakwai ke nan da ya fara zuwa karatun dare, kuma har lokacin yakan juya 6 ta zama 9. Ya ɗauki tsohuwar sandar da ba ta karye ba, ya goge bakinta da tsumma. Ya sa alli a tsaga ɗaya don ya san inda ya fara. Ya ƙidaya da ƙarfi, kowa yana ji. Tsaga 10. Ya ɗauki sabuwa, ya ƙidaya. Tsaga 24. Ya rubuta lambobin biyu a ƙasa da yatsa, ya dube ni, ya ce: «Malam, ai ba ɗaya ba ne.»

Kunya ta rufe ni. Na tuɓe farar rigar, na kwanta a ƙasa, na shiga ƙarƙashin mota. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan.

Na sake kiran makanike. Ya tambaye ni: «Bayan tukunyar akwai murfi da aka ɗaure da noti kewaye?» Na ce babu, bayanta a liƙe yake, notin suna ta gaba, wajen kardan. Ya yi dariya ya ce: «To, wannan ƙaramin pon ne, wanda ake kira Rover. An taɓa canza shi.» Ashe wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin kawu ya cire babban, ya sa na wata mota da ta fi ta tsufa. Takarda ba ta san wannan ba. Takarda ta san ranar haihuwar mota, ba ta san abin da ya same ta cikin shekara 48 ba.

Cikin kwanakin da motar take kwance, naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu, haihuwa ta ƙi zuwa. A amalanken shanu aka kai ta likita. Tafiyar da mota ke yi cikin awa ɗaya, sai da suka yi awa biyar. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya, ita da ɗiyarta. Amma daren nan ban runtsa ba. Na san da na sunkuya tun ranar farko, da a mota aka kai ta.

Da gari ya waye muka zauna mu uku, ni da kawu da maƙeri. Muka ce wannan karo sai mun san abin da ke hannunmu. Muka tsiyaye man pon a kwano. Muka kwance kardan, muka kwance notin, kayan cikin tukunya suka fito ta gaba gaba ɗaya. Muka fitar da guntun sandar da ya maƙale, muka wanke ɓarɓashin ƙarfe da kananzir. Maƙeri ya ƙidaya haƙoran babban faifai, 47. Ya ƙidaya na ƙaramin, 10. Muka auna tsawon sandunan da igiya, muka ga ɗaya ta fi ɗaya, domin tukunyar ba a tsakiya daidai take ba. Shi ya rubuta kome a littafinsa na karatu, da hannunsa. Ni dubawa kawai na yi.

Muka koma Maradi tare, da tsofaffin sandunan cikin buhu. Mai kanti ya yarda ya musanya, amma ya rage kuɗi da yawa. Ba laifinsa ba ne, abin da na rubuta ya ba da. Sai ya ce wa kawu: «Alhaji, ina da abin da zai gyara maka mota.» Ya fito da kayan cikin tukunya na wata mota ƴar gidansu, Range Rover, wadda aka fara yi a 1970. Ya ce zai zauna daidai a gurbin namu, sanduna masu tsaga 10 za su shiga, mota za ta ƙara gudu a kan kwalta, inji ya rage kuka. Idon kawu ya yi haske.

Maƙeri ya ce a ba shi alli. Ya ƙidaya. Babban faifai 46, ƙaramin 13. Muka zauna bakin kanti muka yi lissafi, irin wanda muke yi a aji.

Ga namu: 47 a raba 10, ya kusa 5. Ma'ana, sai kardan ya juya kusan sau 5 kafin ƙafa ta juya sau 1. Ga nasa: 46 a raba 13, ya ba da 3 da rabi da ɗan kai. Ma'ana ƙafa tana saurin juyawa, amma ƙarfin ja yana raguwa. Range Rover babban inji gare ta, mai silinda 8. Ta kawu silinda 4 ce, kuma aikinta rairayi da kaya.

Akwai abin da ya fi wannan. Land Rover pon biyu gare ta, gaba da baya. Na gabanmu 47 da 10 ne. In an danna sandar nan aka haɗa ƙafa huɗu, kardan na gaba da na baya tare suke juyawa. In sun juya sau 47, ƙafafun gaba za su juya sau 10, na baya kuma fiye da sau 13. Kamar ka ɗaura wa galma sa da doki ne. Ɗaya na son gudu, ɗaya na jan ƙafa. Ƙarshenta wani ƙarfe ya karye. Na faɗa wa kawu haka. Ya yi shiru, ya ce: «Sauri ya haifi nawa. Ba ni sanduna masu tsaga 10.» Muka sayi biyu, doguwa da gajera, da man pon mai lamba 90. Kwana biyu bayan nan mota ta tashi.

Burin kawu bai mutu ba. Bayan kaka ta 2023 ya ji labarin wani babban pon Salisbury da aka cire daga mataccen Land Rover. Muka je mu uku. Muka ga murfin baya da notinsa. Ba a yarda mu buɗe ba, sai makanike ya koya mana dabara. Mutum ɗaya ya riƙe cibiyar ƙafa ɗaya kada ta motsa. Aka sa alli a ɗaya cibiyar, aka sa alli a bakin da kardan ke kamawa. Aka juya cibiyar sau 2 cif, maƙeri yana ƙidaya juyin bakin kardan. Ya samu 4 da wajen kashi uku cikin huɗu. Daidai yake da na gabanmu. Da ya samu 3 da rabi, da mun bar shi, domin akwai Salisbury mai irin wannan lissafi. Makanike ya kuma gaya mana abu biyu. Hancin babban pon ya fi tsawo, saboda haka yana son kardan gajere. Tukunyarsa kuma ta fi girma, takan taɓa ƙasa inda hanya ta yi kwari. Kawu ya auna, ya yarda, ya saya yana sane. Daga ranar sanda ba ta sake karyewa ba.

In za ku yi wannan gwaji pon yana jikin mota, ku kula da ranku. Ku tsaya a ƙasa mai tauri. Ku tokare sauran ƙafafu da duwatsu, gaba da baya. Ku ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, ku sa gungumen icce mai ƙarfi ya tallafe. Ku fitar da giya, ku saki birkin hannu, domin a Land Rover kardan yake kamawa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ga abin da muke dubawa yanzu, kuma maƙeri ya rubuta shi a bangon maƙerarsa da gawayi. Na ɗaya, siffar tukunya: da murfi a baya ko babu. Na biyu, tsagar sanda: a ƙidaya baki biyu, na ciki da na waje. Na uku, tsawon kowace sanda. Na huɗu, haƙora, ko juyin kardan, gaba da baya. Na biyar, in akwai lamba a jikin ƙarfen, a kankare datti a kwafe ta. Na shida, a tafi kanti da tsohon ƙarfen a hannu.

Mafi yawanku ba ku da mota. Amma kuna da amalanke, da injin ban ruwa, da injin niƙa, da babur. Dukansu sun sha hannu. Kama da wane ba ta wane. Kafin ku fitar da kuɗin guminku, ku duba, ku ƙidaya, ku rubuta.

A ajinmu na dare, in mun zo darasin rabawa, 47 da 10 nake rubutawa a allo. Sai in kira maƙeri ya fito ya ba da labarin. Ba ya mantawa da zancen farar rigata, kuma ba na hana shi.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wani jiƙon.