Shirin Zuwa Salaga A Kan Keken Talaka

A hutun watan Disamba mai zuwa, in Allah ya yarda, zan hau keke daga Kumasi zuwa Salaga. Shekaruna sun haura 40, kuma iyakar tafiyata a keke ita ce daga gida zuwa makaranta, sai kasuwa ran Asabar. Abokan aikina sun riga sun gama yi mini dariya a ofis, saboda haka ba zan damu ba in ku ma kun yi.

Dalilin tafiyar gajere ne. Kakana daga Salaga ya zo, cikin mutanen da suka watse bayan yaƙin basasar 1892 da ya karya kasuwar garin. Kowace shekara ina gaya wa yara a aji yadda fatake ke tasowa daga Kano da jakuna, su yi watanni a hanya, su zo Gwanja sayen goro, alhali ni kaina ban taɓa taka garin ba. Mota za ta kai ni, amma ina so ƙafata ta san nisan wurin.

Hanyar da na zaɓa ita ce ta Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji. Zuwa Yeji kilomita 200 ne da ɗoriya. A can zan shiga jirgin fito in haye Tafkin Volta zuwa Makango, sannan in ƙarasa. Na raba ta kwana 5, kada in wuce kilomita 70 a yini.

To, sai maganar keke, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Albashin malami kowa ya san shi. Kekunan da Turawa masu yawon duniya ke wucewa da su ta garuruwanmu, kuɗin guda ɗaya zai ciyar da gidana watanni. Abin da aljihuna ya iya iri biyu ne: ko keke na hannu mai giya da yawa, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Japan, ko kuwa Phoenix, baƙin keken Sin da kowa ya sani, mai giya ɗaya da birkin ƙarfe. Matasan unguwa duk sun ce in ɗauki mai giya. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi hawa tudu, ya fi kyan gani, ban musa ba. Amma na tambayi kaina: in abin sauya giyar nan ya karye tsakanin Amantin da Atebubu, wa ke da irinsa? Kowane ɗaya da ƙirarsa, kowane da girman tayarsa. Phoenix kuwa, da wuya ka shiga ƙauye a wannan hanya ka rasa mai gyaran da ya san cikinsa kamar tafin hannunsa, da taya mai lamba 28 rataye a rumfarsa. Manoman doya da shi suke zuwa gona. An ce araha ba ta ado, to ni ba ado zan je yi ba. Na sayi Phoenix na hannu, mai ƙashi lafiyayye, ba tsaga ba walda.

Mai gyaran unguwarmu dattijo ne, tun ina ɗan firamare nake ganinsa a gindin bishiyar nan. Da na gaya masa inda za ni, sai ya kifa keken, ya juya ƙafar baya, ya sa babban yatsa kusa da gargaren yana kallo.

Ya ce, "Malam, kuɗinka nawa ne duka?"

Na gaya masa.

Ya ce, "To kada ka sayi fenti, kada ka sayi madubi biyu. Zuba su a ƙafafu. Abin da ke taɓa ƙasa shi ke ajiye mutum a daji."

Na ce, "Baba, yadda ka gani."

A kan wannan magana muka gina duk aikin. Ƙafar baya ita ke ɗaukar mutum da kayansa, shi ya sa tawa ke da wayoyi 40, ta gaba 32. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, ya canza guda 6 da suka yi tsatsa, har gargaren ya daina rawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai birkin ƙarfe, domin robar birkin a jikin gargaren take kamawa. In ya karkace, sai birki ya riƙa kamawa yana saki, kamar mai shaƙuwa. Kuma waya ɗaya in ta tsinke, nauyinta kan koma kan maƙwabtanta, su ma su bi ta. Na sayi guda 5 na ajiya, na ɗaure su da roba a jikin ƙashin keken.

Tayoyi na sa sababbi duka biyu, da tib sababbi, kuma a nan ne rabin kuɗin ya tafi. Kafin a sa su, Baba ya yanka tsohon tib ya shimfiɗa a cikin gargaren, ya rufe kawunan wayoyin, don su ne ke huda tib daga ciki mutum ya yi ta neman ƙaya bai gani ba. Akwai kuma wata 'yar roba siririya a cikin bawul, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. In zafi ya cinye ta, iska za ta fice ko da babu huji ko ɗaya. Kuɗinta bai kai na ƙosai ba. Na sayi 4.

Daga nan muka kwance duk inda ke juyawa: cibiyar ƙafafu biyu, gindin feda, da wuyan keke. Abin da muka tarar a ciki ba giris ba ne, wani busasshen abu ne kamar tsohon tuwo. Aka wanke da kananzir, aka zuba boris sabo, aka cika da giris. Wanda bai taɓa hawa keke kafin wannan aiki da bayansa ba, ba zai yarda keke ɗaya ne ba.

Gyara guda ɗaya ne na kawo da kaina, kuma a nan ne lissafin aji ya yi mini rana. Faifan sarƙa na gaba yana da haƙora 44, na baya 18. Wato in ka taka sau ɗaya, ƙafar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi. Wannan daidai ne ga saurayi marar kaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ga mai shekaruna, da kaya a baya, da hawan dutsen da ke kusa da Mampong, azaba ce ga gwiwa. Na sa aka canza na bayan zuwa mai haƙora 22, aka ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Yanzu taki ɗaya juyi biyu ne cif. Gudu ya ragu, amma ba tsere zan yi da kowa ba. Inda tudu ya fi ƙarfina kuma, zan sauka in tura, ba a kama mutum don haka.

Sirdi ban canza ba. Tsoho ne, amma ya saba da ni. Na dai ɗaga shi har ya zama in na ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafata ta miƙe. Yawancinmu a zango muna hawa keke sirdi a ƙasa, gwiwa na neman taɓa haɓa, sannan mu ce keke na kawo ciwon gwiwa.

Kaya kuwa, na auna su a sikelin mai sayar da masara: kilo 12, ban da ruwa. Riga biyu, bargo mai sauƙi don sanyin hunturu, gidan sauro, buta, tocila, famfo, sifana, filaya, faci da sholisho, da guntun tsohuwar taya da za a sa daga ciki in sabuwar ta yage. Guzuri garin rogo ne da sukari da gyaɗa, abincin da ya raine mu a kwalejin horon malamai. Ban ɗora su a sama kamar mai tallan katifa ba. Maɗinki ya ɗinka mini jaka biyu da buhun shinkafa, suna rataye hagu da dama a jikin kariya, domin kaya in suka yi ƙasa keke ya fi natsuwa. Ruwa lita 4, wato ƙarin kilo 4, kuma ba zan rage ko kofi ɗaya ba, don iskar hunturu na busar da mutum bai sani ba.

Asabar uku ke nan ina gwaji da kayan duka a kai. Ta ƙarshe na je Tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 daga gari, musamman don gangaren da ke sauka bakin ruwa. Birkin ya riƙe, amma na ga iyakarsa: birkin ƙarfe ba ya son dogon gangare da kaya, kuma in gargare ya jiƙe sai a hankali. Wannan na cikin abin da ya sa na zaɓi rani. Da na dawo, Baba ya sake bin wayoyin, domin sababbi kan saki bayan tafiyar farko, ya kuma ƙara buga ƙusar da ke riƙe hannun feda.

Abin da ke ba ni tsoro ba keken ba ne, manyan motocin doya da gawayi ne. Na liƙa jan kyalle mai ƙyalli a baya, na sa madubi ɗaya a hagu, kuma na yanke cewa zan tashi da an yi sallar asuba gari ya waye, in sauka kafin azahar. Ba tafiyar dare ko ta taki ɗaya. Masauki bai dame ni ba. Ejura da Atebubu da Yeji duk akwai zango, kuma limaminmu ya yi alkawarin ba ni wasiƙa zuwa ga mutanensa.

Uwargida ta yarda bisa sharaɗi biyu: in buga waya kowace magariba, kuma in jiki ya ƙi, in ɗora keken a mota ba tare da gardama ba. Na karɓa. Dawowa dai dama a mota zan yi, don ana komawa makaranta farkon Janairu, ga takardun jarrabawar yara 52 da ke jirana a kan tebur.