Kujera ta bakwai

Shekara shida wani malamin lakwal a Maraɗi ya yi yana zubin adashe don ya sayi mota. Ransa ya kwanta da RAV4, samfurin da Toyota ta sayar a Amurka daga 2006 zuwa 2012, wadda a wasunta akan sami layi na uku na kujeru, ta ɗauki mutum bakwai. A da ta tashar Kwatano irin waɗannan motoci na hannu ke shigowa. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, sai hanya ta koma Lome, ta ratsa Burkina Faso, kuɗi suka hau.

Dillali bai ɓoye masa ba: kujerun baya na yara ne, babba in ya zauna gwiwa sai ta taɓa haɓa; in kuwa aka tashe su, buhun hatsi ba shi da wuri.

Lissafin da ya hana malam barci daban ne. Shi da maiɗakinsa da ƴaƴa huɗu, shida ke nan. Kujera guda ta rage, masu haƙƙi biyu: tsohuwarsa, da marayan wansa da yake riƙo.

Ran jajibirin salla suka kama hanyar Tasawa, inna a gaba, maraya a baya cikin ƙannensa. Ɗan farinsa ya miƙa wa kuɗin mota, ya ce ya bi tasha. Kwana uku yaron bai ɗaga ido ya dube shi ba. Malam ya haƙura: fushin ɗan ciki yakan huce, amma maraya ba ya manta ranar da aka bar shi baya.