Ka Dawo Ka Kwana Tukuna

Zuru, Jihar Kebbi.

Aminina,

Ruwa ya ɗauke, an fara yankan dawa a gonakin da ke kusa da gari, waɗanda ke can cikin daji kuwa sai wanda ya yi ƙarfin hali. Ranar Juma'a na leƙa wajen Inna, ƙafar ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da kanta. Ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya kusa ƙarewa.

Saƙonka ya iso. Sau uku na saurare shi kafin na yanke shawarar in amsa da alƙalami, domin maganar ta fi ƙarfin waya. Ka ce wasu mutanenmu sun cika mota sun same ka a Kaduna, suna so ka fito takarar majalisar dokokin jiha. Ka yi mini tambaya biyu. Ta farko, ko doka ta yarda, tunda shekararka ashirin da biyu ba ka zaune a gida. Ta biyu, ni me na gani.

Ta farkon ba ta da wuya. Doka ta yarda, yarda kuwa ba ƙarama ba. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 abu huɗu ya nema wajen mai son kujerar majalisar jiha: ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekarun da aka gindaya, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya kasance ɗan wata jam'iyya wadda ta tsayar da shi. Shekarun ma a da 30 ne, sai gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya mayar da su 25. Sashe na 65, wanda ya shafi majalisun tarayya, shi ma tafiyarsa ke nan. Ka bi su layi-layi, ba za ka ga inda aka tambayi ɗan takara a wane gari yake kwana ba. Kai da ke Kaduna, da wanda ke Legas, da wanda bai taɓa shan ruwan Zuru ba, duk ɗaya kuke a idon wannan sashe.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai jefa ƙuri'a an fi tsananta masa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce kafin a yi maka rajista a wuri, sai dai in a nan kake zaune, ko a nan kake aiki, ko can ne asalinka. Wato talaka mai kati an nemi ya nuna alaƙarsa da akwatin, amma wanda za a zuba wa ƙuri'un a ciki ba a nemi komai a wajensa ba.

Ka ƙara da wannan. Sashe na 104 ya wajabta wa majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 109 kuma ya ce ɗan majalisar da ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba, kujerarsa ta tafi. To madalla, an tsare masa zuwa Birnin Kebbi. Sauran kwana 184 fa? Ko rana ɗaya doka ba ta ce ya yi a mazaɓarsa ba. Mutum zai iya cinye shekara huɗu cif tsakanin Birnin Kebbi da Abuja, bai karya doka ko ɗaya ba.

Ka san ba a littafi na tsinci wannan damuwa ba. Shekarun baya, lokacin da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar ƙauyen su Kawu, mu biyar aka wakilta mu je mu ga wani wakili, ba sai na kama suna ba. Mun je gidansa na nan gida, ƙofa a garƙame, ciyawa ta kai gwiwa, maigadi ya ce rabonsa da gidan tun sallar layya. Muka haɗa kuɗin mota muka bi ta Dabai, Mahuta, Koko, a lokacin da hanyar nan take cin taya kamar me. Muka isa Birnin Kebbi aka ce Onarabul ya tafi Abuja. Kwana biyu muka yi a shagon wani ɗan garinmu. Da muka same shi a waya daga baya, mutumin kirki ne, ya yi mana magana mai daɗi, sai dai tambayar da ya fara yi ita ce wai ƙauyen a wace gunduma yake. Wannan tambaya ta fi kwanan shagon yi mini ciwo. Ba mugunta ba ce ta sa ya yi ta. Bai sani ba ne, kuma ba yadda za a yi ya sani.

Yanzu kuma abin ya wuce maganar kwalbati. Ka tuna watan Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da sittin, a cikin makon kuma aka far wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Kanar Samaila Yombe Dabai, a Kanya. Ka tuna daren 17 ga Nuwamba 2025, da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Kai ka ji waɗannan a rediyo da Facebook, na kuma san sun hana ka barci. Amma akwai wani sani da ba ya bin waya: wace hanya ce ba a bi bayan la'asar, wace kasuwa ce ta daina ci, waɗanne ƙauyuka ne suka watse mutanensu suka tare a Ribah da Zuru a gidajen 'yan'uwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai miƙe a zauren majalisa ya yi magana a kan ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, ina so ya zama ya taɓa jin ƙarar babura da dare gabansa ya faɗi.

Tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991, cikin masarautu huɗun nan, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, mu ba mu taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba. Saboda haka 'yan kujerun da muke da su cikin 24 na majalisar jiha, da kujera ɗaya ta wakilai da ƙananan hukumominmu huɗu suke rabawa, su ne bakinmu. Wanda bakinsa kaɗan ne ba ya ba da shi aro.

Za ka ce ai akwai al'adar da ta cike giɓin doka, tunda ba wanda zai zaɓi baƙo. Gaskiya ne, amma dubi irin cikewar. Abin da muke tambaya shi ne ɗan wane ne, daga wane gida ya fito, yana da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ko babu. Wannan ƙofa tana buɗe wa ɗan gida da ya yi shekara talatin bai zo ko ta'aziyya ba, ta rufe wa maƙwabcin da ya yi shekara talatin yana zuwa kowace jana'iza. Akwai mai shagon magani a unguwarmu, ka san shi, kakansa ne ya zo garin nan. A nan aka haife shi, yana jin harshen C'lela fiye da 'ya'yanka, da dare shi ake buga wa ƙofa in yaro ya yi zazzaɓi. Ranar da ya ce yana sha'awar kansila, wasu suka ce ya koma garinsu ya nema. Wane gari? Na rasa abin da zan ce masa, har yau kuma abin yana raina.

Da ba haka ƙasar nan take ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko, don a cikinsu yake zaune, tare suke fafutuka. A yau kuma dubi Sanata Solomon Adeola, wanda ya wakilci Legas ta Yamma daga 2015 zuwa 2023, sannan ya tsallaka ya zama sanatan Ogun ta Yamma, doka ba ta ce masa uffan ba. Babban mutum yana iya sauya mazaɓa daga jiha zuwa jiha, mai shagon magani kuwa ko gundumar da aka yanke masa cibi ba ta karɓe shi ba.

Na ɗan duba yadda wasu suke yi. Gana, a kundinsu na 1992, sun ce mai neman majalisa ya kasance yana zaune a mazaɓar, ko ya zauna a cikinta jimillar shekara biyar cikin goman da suka gabaci zaɓe, ko kuma ya zama ɗan asalin wurin. Biyun farko sun burge ni ƙwarai, na ukun ne ya mayar da hannun agogo baya, don ta nan ɗan gida mai nisan zango zai sake shigowa. A Amurka tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya dole ya zama mazaunin jihar da ta zaɓe shi, jihohi da yawa kuma sun wajabta wa 'yan majalisunsu zama a cikin mazaɓa. Can ma jama'a sukan riga doka yanke hukunci. Sanata Richard Lugar ya yi shekara 36 yana wakiltar Indiyana, dattijo mai daraja, amma a 2012 ya faɗi zaɓen fid da gwani, cikin abubuwan da suka kayar da shi har da gano cewa tun 1977 ya sayar da gidansa na jihar ya koma zama kusa da Washinton. Ingila kuwa, kamar mu, ba ta da wannan sharaɗi.

Ban ce maganar ba ta da ƙaya ba, musamman a garin nan. Zuru garin soja ne. Da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba, kuma soja ba shi yake zaɓar inda zai kwana ba. Janar Tanko Ayuba da Janar Muhammadu Magoro duk sun wakilci Kebbi ta Kudu a majalisar dattawa bayan sun tuɓe kaki. Dokar da za ta ce wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bariki yana tsaron ƙasa ya zama baƙo a gidan ubansa, zalunci ce. Haka wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa, ba za a haɗa masa gudun hijira da hana shi takara ba. Shi ya sa nake ganin a bambanta. Sanata da ɗan majalisar wakilai a sassauta musu, aikinsu ma a Abuja yake. Amma kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, a ce sai wanda ya zauna a mazaɓar aƙalla shekara biyu kafin zaɓe, da iyalinsa, ko asalinsa nan ne ko ba nan ba. Soja ya yi ritaya, ya dawo, ya yi damina biyu, sai ya sayi fom.

Kada kuma wani ya ce maka in wakili ya ɓace ai akwai kiranye. Akwai shi a takarda, sashe na 110 ga na jiha, na 69 ga na tarayya. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi, da aka zo tantancewa a 2018 sa hannun da ya tabbata bai wuce kusan kashi biyar cikin ɗari na masu rajista ba. An sake gwadawa a kan Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, hukumar ta ce ba a kai rabi ba. Ka yi tunanin tattara sa hannun rabin masu kati a ƙauyukan da mutanensu suka watse.

To, ga amsar tambayarka ta biyu, kuma ka yi haƙuri da ni. Na san ka tun muna zuwa kallon bikin Uhola ba takalmi. Na san hannunka a buɗe yake, na san ba ka cin haram, na san yaran da ka biya wa kuɗin makaranta ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. In ka tsaya, ƙuri'ata da ta gidana taka ce. Amma ba na so ka tsaya a wannan karon. Mu da muka gaji golmo daga kakanninmu, saurayi ya yi shekara da shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ai mun san dalilin abin. Ana so a ga yadda kake riƙe fartanya in rana ta take, a ga halinka ranar da ka gaji. Mutanen da suka zo maka Kaduna ban zarge su ba, wasunsu da zuciya ɗaya suka zo, amma ka tambayi kanka ko kai suke so ko abin da za ka iya kashewa a kan daliget da fosta.

Ka ce saura kaɗan ka ajiye aiki. Ka dawo. Ka gyara gidan Baba, ka sa ƙaramin yaronka a makarantar nan, ka kai uwargida asibitin nan in ta yi ciwon kai, ka bi layi ka ga abin da ake gani. Ka je Bena, ka je Dirin Daji, ka je Mahuta ranar kasuwa ba tare da jiniya ba. Bayan damina biyu, in har zuciyarka tana nan kan bakanta, ni zan fara ɗaukar fostarka, kuma ranar da ka shiga majalisa abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka nemi 'yan'uwanka su goyi bayan a saka wannan sharaɗi cikin gyaran tsarin mulki, tunda gyaran ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.

Na sa magini ya duba rufin ɗakin Baba na gabas, ya ce kwano shida ne suka lalace, katakon lafiya lau. Ka gaya mini in sa a saya ko in jira ka zo ka gani da idonka. In za ka taho ka biyo ta Kontagora da Rijau da safe, kada ka bari yamma ta yi maka a hanya. Ka tuna da man zafin Inna.

Ka gai da uwargida da yara, da duk 'yan gida na Kaduna.

Naka har kullum,
Amininka.