Waƙoƙin Isa Da Ba Su Da Ubangida

Wannan mako ina so in kai ku Isa, garin kakannina na wajen uwa, can gabas da Sakkwato, a bakin ƙasar Gobir. Na san da an ce Isa abu biyu ke faɗo wa mutane a rai. Manya su tuna Narambaɗa, yara kuwa su tuna labarin 'yan bindiga da suke ji a rediyo. Duka biyu zan taɓo su. Amma abin da ya kai ni can da kakar 2023 wani abu ne dabam, watau waƙoƙin da mata ke yi cikin gida, waɗanda ba a yi don sarki ko don kuɗi ba.

Mun tashi daga Sakkwato da sassafe, muka bi ta Achida da Goronyo da Sabon Birni. Hanyar dajin Gundumi ta fi kusa, amma a lokacin direba ko ambatonta bai so a yi ba. Tun daga Goronyo hira ta mutu cikin mota, kowa ya kama carbi. Ba laifinsu ba ne. A ƙasar Sabon Birnin nan ne aka ƙone matafiya cikin mota a watan Disamba na 2021, kuma babu wanda ya manta. Kusa da nan ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir na dā, wanda aka ci da yaƙi a 1808. Na so in tsaya in gani, amma ba a tsayawa. Da la'asar muka shiga Isa, gero ya nuna, ana ta yanka da gaggawa.

To, bari mu fara ba babba girmansa. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, wani ƙauye a yankin Isa da Shinkafi. Makaɗin kotso ne, wata 'yar ganga mai siririn ƙugu wadda baki ɗaya kaɗai aka rufe mata da fata, da hannu kuma ake kaɗa ta. Ubangidansa shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma don shi ya yi mafi yawan waƙoƙinsa. Wadda ta fi suna ita ce Bakandamiya, har yau in mawaƙi ya yi waƙar da ta fi sauran nasa, sai a ce ita ce bakandamiyarsa. Ya yi wa dokin sarki ma waƙa, Dokin Iska Ɗanfilinge. Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma an ɗauki muryarsa, ga ta a rediyo, ga ta a wayoyin samari. Malaman jami'a sun yi ta nazarinsa, har Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi guda a kansa a 2009.

Ku duba abin da ya tsare waƙar Narambaɗa. Yana da ubangida mai ci da shi, mai tufatar da shi. Yana da 'yan amshi masu hardace kowane ɗa na waƙa. Daga baya ga faifai, ga malamai masu alƙalami. Waƙar kakata fa, wa ya tsare ta?

Ina yarinya, in an kawo mu hutu, ba zakara ke tashe ni ba, ƙarar dutsen niƙa ce da muryar wata matar kawuna. Tana durƙushe tun kafin assalatu, tana tura ɗan dutse tana waƙa. A cikin waƙar nan take faɗin duk abin da kunya ta hana ta faɗi da rana: kewar gidansu, halin uwar miji, zanen da aka saya wa kishiya ba a saya mata ba. Ba ta kama sunan kowa ba, amma duk gidan an san da wa take, kuma ba mai iya kai ƙara, don waƙar niƙa ce. Da hantsi kuma sai daka, mata uku a turmi guda suna lugude, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Da dare in akwai farin wata 'yan mata su fita dandali gaɗa. Ran biki ko suna a kife ƙwarya cikin ruwa a yi amada, irin kiɗan da marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi fili har duniya ta sani. Wata ta ƙirƙira, wata ta ƙara, ba wadda ta ce tata ce.

Abu biyu suka ci waƙoƙin nan. Na farko injin niƙa ne, kuma ni ba zan yi muku ƙarya in ce ina baƙin cikin zuwansa ba. Duk mai kukan rashin dutse, to, ba ita ke durƙuso a kansa ba. Na biyu shi ne tsoro. A kwanakin da na yi a can, da an yi sallar isha'i sai a kulle ƙofa, unguwarmu ta yi tsit. Na tambayi wata 'yar ƙanwar uwata mai shekara 12 ta yi mini waƙar gaɗa guda. Ta yi mini waƙoƙin fim uku ba tuntuɓe, amma ta gaɗa ba ta iya kai ko rabi ba. Ba ta taɓa kwana dandali ba, ina za ta koya?

Sai na tafi wurin ƙanwar kakata, tsohuwa ce tukuf, muna ce mata Inna. Na gaishe ta, na ce, "Inna, so nake ku yi mini waƙar niƙa in rubuta."

Ta dube ni ta yi dariya. Ta ce, "Ke ɗiyata, boko ya ɓata ki. Wa ag gaya miki ana waƙar niƙa zaune? Kawo dutse."

Aka tono dutsen daga bayan rumbu, inda kaji suka mai da shi wurin kwana, aka wanke, aka zuba gero. Na hana ta durƙusawa, ta ture hannuna. Da ta tura ɗan dutse sau uku sai muryar ta fito, siririya, tana rawa. A nan na gane abin da ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba. Tsawon kowane layi daidai yake da turawa da jawowa, inda take shan numfashi nan layin ke karyewa. Ashe dutsen shi ne makaɗinta.

Na yi kuskure guda, ina kuwa gaya muku don kada ku yi irinsa. Da nake rubutawa sai na riƙa gyara Hausarta zuwa irin ta littafi. Inda ta ce "wagga" in sa "wannan", inda ta ce "yaz zaka" in sa "ya zo". Da na karanta mata sai ta ɓata rai, ta ce, "Wagga ba tawa ba ce, ta Kanawa ce." Gaskiyarta. Kalmomin sun ƙi hawa kan dutsen. Dole na yage shafi huɗu muka sake daga farko.

A gidan akwai mata baƙi da suka gudo daga ƙauyuka, suna zaune a ɗakunan baya da 'ya'yansu. Da suka ji niƙa sai suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce a garinsu ba haka ake juya amshin ba, ta yi nasu. Wata ta ce duk sun yi kuskure. Aka yi ta gardama ana dariya, su da na tarar ko magana ba su cika yi ba. Waƙa ɗaya na same ta iri uku, kowane ƙauye da tasa. Biyu daga cikin ƙauyukan nan kuwa a lokacin ba kowa cikinsu, mutanensu sun watse, waɗansu Isa, waɗansu Sakkwato, waɗansu sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi.

Kada wata ta ce rubuta maganar mata sabon abu ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, waƙa ta riƙa rubutawa tana ba jajoji, su kai wa matan ƙauyuka da ake kira 'yan taru. Malfar da take ɗora wa jaji ma, irin ta Innar Gobir ce, shugabar matan wannan ƙasa. Nata sun iso gare mu domin an sa su a takarda.

Saboda haka, 'yan makaranta, ga aikin hutu. Ku sami littafin rubutu guda, ku zauna gaban kakanninku. Ku nemi izini tukuna. Ku rubuta yadda aka faɗa, ku sa sunan garin da mai waƙar ta koyo ta, da aikin da ake yi da ita. In akwai waya ku ɗauki muryar, amma kada ku watsa ba da yardarta ba, domin waɗansu habaice-habaicen masu su na nan da rai.

Ni dai na komo Sakkwato da waƙoƙi goma sha ɗaya, ɗaya ba ta cika ba. Ta wata amarya ce da aka ƙetare gulbi da ita da damina, tana waiwayen garinsu. Inna ta kai tsakiya ta tsaya, ta ce ƙarshen ya ɓace mata, wadda ta san shi kuwa ƙawarta ce da ta yi gudun hijira wajen Gidan Rumji, ba a sake jin ɗuriyarta ba. In akwai wata cikinku, a Isa ko Sabon Birni ko Shinkafi ko Tsibiri, da ta san yadda amaryar nan ta ƙare, don Allah ta aiko wa Edita, a rubuta Filin Mata a bayan ambulan. Na bar mata shafi biyu.